Daga Amana zuwa Biza: Tarihin Izinin Shiga da Zaman Baƙo a Ƙasashen Musulmi

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin ɗalibai, cewa biza da izinin zama Turawa ne suka ƙago su, kuma wai kafin zuwansu mutum yakan tashi daga Andalus har ƙasar Hindu babu mai tare shi ya nemi takarda. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma littattafan fiƙihu da tsofaffin takardun da aka tono a Masar ba su yarda da ita ɗungurungum ba.

Asalin babin a shari'a shi ne amana, wato alƙawarin kare rai da dukiya da ake bai wa wanda ba Musulmi ba in ya fito daga ƙasar da ba a yi sulhu da ita ba. Wanda aka bai wa ita shi malamai ke kira musta'amini. Sun kafa hujja da aya ta 6 ta Suratut Tauba, da kuma hadisin Ummu Hani'i, Allah ya yarda da ita, wadda ta bai wa wani dangin mijinta mafaka a shekarar buɗe Makka, shekara ta 8 bayan hijira, Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya zartar da abin da ta yi. Abin lura shi ne ikon ba da amana bai taƙaita ga shugaba ba. Duk ɗalibin da ya karanta babin jihadi a Risalar Ibnu Abi Zaidin ya san cewa amanar talakan Musulmi tana zartuwa a kan sauran jama'a, haka ta mace da ta yaron da ya san ma'anarta, ko da yake an ruwaito ƙaulin da ya rataya hakan ga amincewar shugaba. Wannan ƙauli na biyu shi aikin hukumomi ya bi daga baya.

Malamai sun kuma yanka wa'adi. Shafi'iyya suka tsaya a kan wata huɗu a asali. Hanafiyya, waɗanda suka fi kowa faɗaɗa babin ta hanyar As-Siyarul Kabir na Muhammad bn Hasan Ash-Shaibani (ya rasu 189 H) da sharhin Sarakhsi, suka ce ba za a bar baƙo ya cika shekara ba. Shugaba zai gargaɗe shi, in ya zauna har wa'adin ya cika to ya zama zimmi, a ɗora masa jiziya, kuma ba ya komawa inda ya fito. Ke nan fiƙihu ya bambance baƙo mai wucewa da mazauni tun ƙarni na biyu na hijira. Kuɗin shiga ma yana nan: Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar ya sa a karɓi ushuri daga fataken ƙasar yaƙi, daidai da abin da ake karɓa daga fataken Musulmi a can.

Izinin aiki kuwa, shaidarsa mafi daɗewa ba ta shafi baƙi ba. 'Yan ƙasa ta shafa. A zamanin Banu Umayya ƙauyukan Masar suna biyan haraji ne a dunƙule, saboda haka in manomi ya gudu nauyinsa kan faɗa wa waɗanda suka rage. Wasiƙun gwamna Ƙurra bn Sharik (90 zuwa 96 H) cike suke da umarnin a nemo waɗanda suka tsere a mayar da su. Daga nan aka fito da takardar da ake kira sijilli. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, mai tarihin 112 H (731 M), an rubuta ta ne ga wani saurayi Bakibɗe daga yankin Ashmun. An faɗi sunansa da ƙauyensu, an siffanta kamanninsa har da tabban jikinsa, sannan aka ba shi wata biyu ya je Aswan ya yi aiki don ya biya jiziyarsa ya kuma nemi abinci, aka umarci duk ma'aikacin da ya gamu da shi kada ya tsangwame shi. Hoto kawai babu a cikinta. Wasu takardun da harshen Kibɗanci sun nuna cewa shugabannin ƙauye sukan tsaya wa mai tafiya a matsayin lamuni kafin a ba shi izini. An tsananta wannan tsari har ya zama zalunci a hannun Usama bn Zaid At-Tanukhi, mai kula da harajin Masar, wanda Umar bn Abdul'aziz ya tuɓe da hawansa halifanci.

Matafiyi Musulmi ma bai kuɓuta ba. Ibnu Jubair ya sauka Iskandariyya a 578 H (1183 M) kan hanyarsa ta hajji, ya ba da labarin yadda ma'aikata suka hau jirgi suka rubuta sunan kowa da siffarsa da ƙasarsa, suka bincike kaya, suka karɓi zakka ba tare da tambayar ko shekara ta zagayo ba. Ransa ya ɓaci matuƙa. Ibnu Baɗɗuɗa kuma ya iske tashar Ƙaɗya tsakanin Masar da Sham a 726 H (1326 M), inda ba mai wucewa sai da takardar bara'a, duk da cewa ƙasashen biyu na ƙarƙashin sarki ɗaya. Da dare akan share rairayi, da safe a duba sawu.

Juyin da ya fi girma ya zo ne a daular Usmaniyya. Alƙawuran da sarakuna suka bai wa Faransa a 1569 da Ingila a 1580 amana ce a idon malaman daular, kyauta daga mai ƙarfi, wadda kan ƙare da rasuwar sarkin da ya bayar. A 1740 aka mayar da na Faransa mai ɗorewa. Da ƙarfin daular ya ja baya, sai baƙo ya zama ba ya biyan yawancin haraji, kuma jakadansa ke yi masa shari'a, har 'yan ƙasa suka riƙa sayen kariyar ofisoshin jakadanci. Don toshe wannan ƙofa aka kafa dokar zama ɗan ƙasa a 1869, wadda ba ta dubi addini ba. Sakamakonta ga fiƙihu ba ƙarami ba ne: Musulmin Hindu ko na Aljeriya ya zama ajnabi a Makka, matsayin da babin amana bai tanadi suna gare shi ba. Sai a yarjejeniyar Lozan ta 1923 aka rufe waɗancan gatanci gaba ɗaya, shekara uku bayan taron Paris na 1920 da ya daidaita fasalin fasfo.

Alhazan Kano da Borno da ke bin hanyar Sudan sun tsinci kansu cikin wannan tsari bayan 1903, domin a Jidda ofishin jakadancin Ingila ne ya zama mai alhakinsu. Sa'an nan arziƙin man fetur ya zo da kalmomi biyu na fiƙihu cikin sabuwar ma'ana, iƙama da kafala. Mai lamuni a takardun Masar yana tsayawa ne ga haraji da dawowar mutum, amma kafilin ƙasashen Tekun Fasha shi ne mai aikin kansa, kuma zaman ma'aikaci da sauya aikinsa da fitarsa suka rataya ga yardarsa. Saudiyya ta sassauta sharaɗin sauya aiki da na fita a watan Maris na 2021, sai dai sassaucin bai haɗa da masu aikin gida da direbobin gida ba, kuma a wannan rukuni ne baƙin Afirka da yawa suke.