Makiyayi: daga Ezekiyel zuwa Kakau

1/ Jama'a, kalma ɗaya nake so mu bi tarihinta yau: makiyayi. A Sabon Tasha ko Narayi, idan aka ji ta a labaran rediyo gaban mutane faɗuwa yake yi. Ranar Lahadi kuma da ita ɗin muke kiran Yesu a majami'a. A biyo ni a hankali.

2/ Tun kafin annabawan Isra'ila, sarakunan gabas suna kiran kansu makiyaya. Hammurabi na Babila ya yi hakan a gabatarwar dokokinsa. Wato tun asali kalmar mulki ce. Dauda kuwa daga bayan tumaki aka kirawo shi a Baitalami aka shafe shi da mai.

3/ Inda maganar ta yi zafi shi ne Ezekiyel sura 34. Ku lura da wurin da ta faɗo: a sura 33 ne labari ya iso wa 'yan bauta a Babila cewa Urushalima ta faɗi, wajen shekara ta 586 kafin haihuwar Almasihu. Gari ya ƙone, haikali ya rushe, tambayar kowa ita ce laifin wa?

4/ Ezekiyel ya ɗora shi kan shugabanni. Sun sha nono, sun sa ulu, sun yanka masu ƙiba, amma ba su ɗaure wadda ta karye ba, ba su nemi wadda ta ɓata ba. Ni dai duk sanda na karanta wurin nan sai in ga kamar jiya aka rubuta shi, kuma ba 'yan siyasa kaɗai nake nufi ba.

5/ Sai alkawari biyu a sura guda. Allah ya ce shi da kansa zai yi kiwon. Can gaba kuma ya ce zai naɗa makiyayi ɗaya, Dauda. To, Dauda ya yi kusan shekara 400 da rasuwa a lokacin. Wane Dauda ke nan? Kuma wa zai yi kiwon, Allah ko Dauda?

6/ Yahudawa har yau suna jiran wannan ɗan Dauda. Kirista kuwa sun ce a Yohanna sura 10 aka warware kullin, inda Yesu ya kira kansa makiyayi mai kyau: zuriyar Dauda ne, kuma a bangaskiyarmu Allah ne cikin jiki. Alkawari biyun suka haɗu a mutum ɗaya.

7/ Matiyu ma ya bi wannan sawu. A sura 2, da Hirudus ya tambayi inda za a haifi Almasihu, Mika sura 5 malamai suka buɗe masa. A sura 26, daren da za a kama Yesu, ya jawo Zakariya 13, batun bugun makiyayi da watsewar garke. Kafin gari ya waye almajirai sun watse.

8/ Abin da Yohanna ya ƙara shi ne mutuwa. Wanda aka ɗauka kiwo don kuɗi, in ya hango kyarkeci sai ya ari ta kare. Mai garke tsayawa yake yi. Wahayi sura 7 ma ta juya abin gaba ɗaya: Ɗan Ragon ne ya zama makiyayin.

9/ Shi ya sa a kaburburan ƙarƙashin ƙasa na Roma, a ƙarni na 3, hoton da Kirista suka fi zanawa shi ne saurayi saɓe da tunkiya, tun kafin hoton gicciye ya yaɗu. Kalmar fasto kanta daga Latin take, ma'anarta makiyayi. Sandar bishop ma sandar kiwo ce.

10/ Da Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, aikin Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, ba a sha wahalar bayani ba. Kakanninmu sun san ruga, sun san mashaya, sun san saniya na gane muryar mai ita. Da yawa ma Fulani suke ba kiwon shanunsu.

11/ Rikicin 2000 da na 2002 suka raba garin nan, kogi ya zama iyaka, Kirista da dama suka dawo kudu. Rigimar gona da kiwo a ƙauyuka ta ƙara ɓata kalmar. Ni ban yarda a bar ta ta zama sunan abokin gaba ba. Akwai Fulani Kirista da ke karanta Zabura 23 suna riƙe da sanda.

12/ A Kakau, kan hanyar Abuja, akwai seminari mai suna Good Shepherd, wato Makiyayi Mai Kyau. Daren 8 ga Janairu 2020 'yan bindiga suka shiga suka kwashe ɗalibai huɗu. Uku sun dawo. Michael Nnadi, ɗan shekara 18 daga dayosis ɗin Sakkwato, gawarsa aka samu.

13/ A harabar makarantar aka yi jana'izarsa ranar 11 ga Fabrairu, Bishop Matthew Hassan Kukah ya yi wa'azi. Yaron yana shekararsa ta farko ce a koyon aikin kiwo.