Daga Sabon Tasha Zuwa Ikoyi: Wa Zai Rufa Wa Mai Fallasa Asiri?

Mai karatu, in ka tsallaka gadar kogin Kaduna ka nufi kudu, ka wuce Barnawa da Television, za ka isa Sabon Tasha. A wani gida da ke wannan unguwa ne jami'an hukumar EFCC su ka fito da wani akwatin ƙarfe a ranar 3 ga Fabrairu, 2017. Da aka buɗe, sai ga dala 9,772,800 da fam 74,000 na Ingila. Tsohon shugaban kamfanin NNPC, Andrew Yakubu, ya ce kuɗin nasa ne, kyauta ce aka yi masa. A Maris 2022 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta wanke shi. Amma ni ba shi ne ya dame ni ba. Wanda ya dame ni shi ne mutumin da ya tsegunta wa hukuma, wanda ba mu taɓa ganin fuskar sa ba.

A Disamba 2016 ne gwamnatin Buhari, ta hannun Ministar Kuɗi Kemi Adeosun, ta fito da tsarin kwarmata bayanai: duk wanda bayanin sa ya sa aka ƙwato dukiyar gwamnati zai samu kashi 2.5 zuwa 5 cikin ɗari. Nan da nan kasuwa ta buɗe. A Afrilu 2017 aka gano sama da dala miliyan 43 a wani bene da ke Ikoyi, Legas. A Yuni gwamnati ta biya mutum 20 naira miliyan 375.8.

Sai dai fa tsari daban, doka daban. Majalisar Dattawa ta amince da ƙudirin kare masu fallasa a 2017, amma bai zama doka ba, alhali Gana ta yi tata tun 2006, Afrika ta Kudu kuwa tun 2000. Dubi Ntia Thompson, ma'aikaci a wata hukuma da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Waje. Ya kai rahoton almundahana, sai aka raba shi da aikin sa. Da ƙyar aka maido shi a 2017 bayan 'yan jarida da ƙungiyoyi sun yi caa. Shi ma na Ikoyi sai da aka yi ta jan ƙafa kafin a biya shi, wasu kuma su ka fito su na cewa da su aka yi aikin.

Wannan giɓi ne ƙungiyoyi su ka shigo su cike. A 2017 cibiyar AFRICMIL ta Chido Onumah a Abuja ta ƙaddamar da shirin tallafa wa masu fallasa, a shekarar ne kuma aka kafa PPLAAF a Dakar. To, ka ga duk ƙungiyar da ta ɗauki wannan aiki ta ɗauki amanar rayukan mutane, don haka dole ta fara da gyara cikin gidan ta. Tarihin nan ya koya mana ƙa'idoji huɗu.

Na farko, riƙe sirri. Kada sunan mai fallasa ya wuce kunnen mutum biyu ko uku, kuma duk ɗan kwamitin da ya yi suɓul da baka a sallame shi. In ka kalli fim ɗin 'All the President's Men' na 1976 za ka tuna majiyar Bob Woodward. Sai a 2005 duniya ta san Mark Felt ne, kuma daga ɓangaren sa maganar ta fito. A Afrika ta Kudu kuwa, bindige Babita Deokaran aka yi a ƙofar gidan ta a Agusta 2021.

Na biyu, tantancewa kafin a buga ganga. Shari'ar Sabon Tasha ta nuna cewa ganin kuɗi ba shi ne tabbatar da laifi ba. Ƙungiyar da ta bari maƙiyi ya ci zarafin abokin gabar sa ta hannun ta, ta zubar da mutuncin ta.

Na uku, kuɗi. A rubuta wanda ya fara kawo bayani da ranar da ya kawo, kuma a haramta wa shugabanni cin ko kwabo daga ladan sa. Rikicin Ikoyi ya ishe mu darasi.

Na huɗu, shugabanni su kasance masu wa'adi, a riƙa binciken asusun su duk shekara, kuma wanda ke da alaƙa da wanda ake zargi ya janye daga zaman. Mai neman a tona asirin ɓarayi ba ya ɓoye littafin kuɗin sa.

Mu 'yan fim mun saba ba jarumi kyakkyawan ƙarshe. A zahiri kuwa, mai karatu, akawun da ya ga an wawure kuɗin maganin asibiti zai fara tambayar kan sa ne: in na yi magana, wa zai ci da 'ya'ya na? Ranar da ya samu ƙungiyar da zai amince wa, ranar zai buɗe baki. Allah ya nuna mana.