Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Tauraron Ɗan'adam Da Rairayin Sahara?

Wani mai sauraronmu daga Agadez ya aiko da takarda yana tambaya: shin gaskiya ne da rairayin hamada ake gwada idon tauraron ɗan'adam, kuma yaushe aka fara?

To malam, gaskiya ne. Kyamarar da ke jikin tauraron aikinta shi ne auna hasken rana da ƙasa ke mayarwa sama. Amma yau da gobe idonta kan dushe, ga shi ba halin sauko da ita a gyara. Ka ga ta zama tamkar mudun da ya lotsa, sai an sami na ƙwarai an gwada su.

Matsalar ta fito fili a shekarun 1980, lokacin farin Sahel, sa'ad da ake dogara da taurarin hukumar NOAA ta Amurka wajen duba ciyayi. Ba a yi wa kyamarorinsu abin gwada kansu ta fuskar hasken da ido ke gani ba. In awon ya karkace, sai a ɗauka ciyawa ce ta ragu ko ta ƙaru, alhali kuwa na'ura ce ta tsufa, har a yi kuskuren sanin inda yunwa ta dosa.

Sai masana suka juya ga hamadar Libiya, domin can ba shuka, ruwan sama da gajimare kaɗan ne, rairayin bana kusan shi ne na bara. Saboda haka in awo ya sauya, to daga kyamara ne.

A 1996 masanan Faransa, wato Cosnefroy da Leroy da Briottet, suka zaɓi wurare 20 a Sahara da Saudiyya, kowanne murabba'i mai kilomita 100 a kowane gefe. Uku daga ciki a ƙasarku Nijar suke. A 2008 kwamitin duniya mai suna CEOS ya amince da shida: biyu-biyu a Libiya da Aljeriya da Muritaniya. Da wanda ake kira Libiya-4 aka yi ta bin diddigin tauraron Landsat 5, wanda aka harba a 1984 don aikin shekara uku, amma ya kai har 2013.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Sai mun ji daga gare ku.