Daga Zargin Kuturta Zuwa Kumburin Cikin Jiki: Tarihin Cutar Soriyasis

Idan a gidanku a Trikania akwai wanda gwiwarsa ko gwiwar hannunsa ko fatar kansa ke yin tabo mai kauri, yana zubar da ɓawo fari, musamman lokacin hunturu, wataƙila an riga an raɗa wa abin sunaye iri-iri. Wani ya ce ƙyasbi ne, wani ya ce makero, wani kuma ya yi ƙasa da murya ya ambaci kuturta. Mai yiwuwa cutar da likitoci ke kira soriyasis ce. Ba ta yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, amma an daɗe kafin a gane hakan.

Ɗaruruwan shekaru Turawa suna haɗa ta da kuturta, ana ware masu ita daga jama'a ba da haƙƙinsu ba. A 1808 wani likitan Ingila, Robert Willan, ya bayyana siffarta dalla-dalla, amma shi ma da sunan kuturta ya kira wani nau'inta. Sai a 1841 Ferdinand von Hebra na birnin Biyana ya raba cututtukan biyu. A 1873 kuma Gerhard Hansen na ƙasar Nowe ya gano ƙwayar da ke haddasa kuturta, ƙwayar da babu ita a soriyasis. Saboda haka idan zargi ya shiga, gwaji ne zai raba gardama, kuma cibiyar tarin fuka da kuturta da ke Saye, kusa da Zariya, ta daɗe a wannan aiki.

Daga nan aka ɗauke ta a matsayin larurar fata kawai. A 1925 William Goeckerman na Amurka ya haɗa man kwalta da haske mai ƙarfi irin na rana, aka kuwa ga sauƙi. Daga baya aka shigo da maganin methotrexate, wanda har yau ake amfani da shi. Tunani ya sauya a 1979, lokacin da likitoci suka lura cewa cyclosporine, maganin da ke rage kaifin garkuwar jiki, yana share tabon. Nan aka fahimci cewa garkuwar jiki ce ke wuce gona da iri, tana sa fata ta riƙa sabunta kanta cikin 'yan kwanaki maimakon kusan wata guda.

Wannan ne ya kai masana ga abin da ya fi shafarka. Sinadaran da garkuwar ke saki ba sa tsayawa a fata, suna bin jini su zaga jiki. A 2006 Joel Gelfand da abokan aikinsa suka nazarci bayanan majinyata na Birtaniya, suka ga cewa masu soriyasis mai tsanani, musamman masu ƙarancin shekaru, sun fi sauran mutane fuskantar haɗarin bugun zuciya. An kuma tabbatar cewa cutar na yawan tafiya tare da ciwon suga da hawan jini da ƙiba, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na iya samun kumburin gaɓɓai. A 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a matsayin cuta mai tsanani, mai daɗewa, wadda ba ta yaɗuwa.

To, me wannan tarihi ke nufi a gare ka? Man shafawa yana iya kwantar da tabo, amma lafawar fata ba ta nufin kumburin ciki ya ƙare. Ko da jikinka ya yi sumul, ka riƙa auna hawan jini da suga da kitsen jini. Idan gaɓɓanka na sanƙarewa da safe, ko yatsa ya kumbura gaba ɗayansa, ko diddige na ciwo, ka gaya wa likita da wuri, domin gaɓar da ta lalace ba ta komawa yadda take. Ka daina taba, ka rage ƙiba idan akwai.

Ka kuma yi hattara da ƙwayoyi ko allurar sitiroyid da ake saya a kemis ba da takardar likita ba. Suna kawo sauƙi na ɗan lokaci, amma barinsu farat ɗaya na iya tayar da cutar fiye da dā. Mace mai juna biyu, ko mai shirin ɗaukar ciki, kada ta kusanci methotrexate.

Daga Trikania, Asibitin Koyarwa na Barau Dikko na tsallaken kogi, na Jami'ar Ahmadu Bello kuma yana Shika. Ka je da duk magungunan da kake amfani da su, ka nemi a duba fata da gaɓɓai da zuciya tare. Ku kuma iyali, ku ci abinci da shi a kwano ɗaya ba tare da fargaba ba. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.