Iskar da ta kayar da jirgin BOAC a Kano

Jirgin sama ya san sararin da ke tsakanin Maiduguri da Kano tun 1925, shekarar da jiragen sojan Ingila uku suka taso daga Masar suka sauka Kano ranar 1 ga Nuwamba. Potiskum tana tsakanin garuruwan nan biyu, kuma tsohon filin saukar jirgi na zamanin Turawa yana nan a garin har yau, ko da yake mai tafiyar ƙasar waje daga Potiskum mota yake shiga, ya bi ta Azare da Wudil, ya je Kano. A 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe hanya daga Hartum zuwa Kano. Bayan yaƙin duniya na biyu Kano ta zama babban zango: jirgin da zai tsallake Sahara sai ya tsaya ya sha mai.

A lokacin, hamada ake tsoro. A Mayun 1952 wani jirgin kamfanin BOAC da ya taso daga Tirifoli zai zo Kano ya yi ɓatan kai cikin dare, mai ya ƙare masa, ya yi saukar dole can a Muritaniya. Amma babban hatsarin da ya zo, a bakin gari ya faru.

Ranar Lahadi, 24 ga Yunin 1956, jirgin BOAC samfurin Argonaut mai inji huɗu ya iso Kano daga Legas, zai wuce Tirifoli sannan Landan. Mutum 45 ne a ciki. Bayan ƙarfe biyar na yamma ya tashi, hadari yana haɗuwa a kusa. Bai yi nisa ba ya shiga ruwa kamar da bakin ƙwarya, gudunsa ya ragu farat ɗaya, ya fara yin ƙasa. Matuƙin ya ba injuna wuta iya ƙarfinsu, har ya samu ya daidaita shi dab da ƙasa, sai fiffike ya daki bishiya. Jirgin ya faɗi ya kama wuta. Mutum 32 suka rasu, 13 suka tsira.

Masu bincike ba su ɗora wa matuƙin laifi ba. Suka ce wani dunƙulen hadari ne da ba a iya hasashensa ya juya iska nan take, daga gaba ta koma baya. A ganina sun yi gaskiya, kuma sun yi adalci, don a irin wannan hali abu mafi sauƙi shi ne a ce ganganci ne a rufe fayil.

Duk wanda ya taɓa yin shuka a watan Yuni ya san iskar nan: ana cikin zafi, sai wata mai sanyi ta bugo da ƙura, ta yaye rufin kwano, sannan ruwa ya biyo. Abin da ke faruwa shi ne iska mai sanyi tana zubowa daga cikin hadari, ta daki ƙasa, ta watsu ko'ina. Jirgin da ya shige ta, da farko ta gaba take zuwar masa ta ɗaga shi, sai ta danne shi daga sama, sai kuma ta biyo shi ta baya ta kwashe masa abin da fukafukansa ke dogara da shi. Duk cikin 'yan daƙiƙu.

Sai da aka yi shekara 19 cif, ranar 24 ga Yunin 1975, jirgin Eastern Air Lines ya faɗi yana ƙoƙarin sauka a New York, mutum 113 suka mutu, sannan masanin yanayi Ted Fujita ya zauna ya zana yadda iskar take. Wasu masana suka yi ta musu da shi. A Agustan 1985 irin wannan iska ta kayar da jirgin Delta a Dallas, hatsarin ya ci rai 137. Bayan haka Amurka ta wajabta sa na'urar gargaɗi a jiragen fasinja, aka kafa rada ta musamman a manyan filayen jirgi, aka kuma sa darasin cikin horon matuƙa: in alamar ta bayyana a fasa tashi, in kuma an riga an shiga, a ba da wuta duka a ɗaga hanci.