Macizan da ke zama a ƙarƙashin ƙasa: wanne ke da dafi?

Manoman Dutsin-Ma da Kurfi kan tono ƙananan macizai lokacin huɗa, kwashe taki daga juji, ko aikin rani a bakin dam ɗin Zobe. Sun fi fitowa da dare bayan ruwan sama. Iri uku ne ya kamata a sani.

Makahon maciji: siriri kamar tana, mai sheƙi, kansa da wutsiyarsa kusan iri ɗaya. Ba shi da dafi. Gara da ƙwan tururuwa yake ci.

Macijin yashi: gajere, mai kauri, da dabbare-dabbare. Shi ma ba dafi, ɓeraye yake kamawa. Sai dai kububuwa ma tana da zane, don haka kar a ɗauka da hannu.

Baƙin maciji mai tono (masana na ce masa Atractaspis): baƙi ƙirin, ƙaramin kai, ƙananan ido, gajeriyar wutsiya mai tsini. Wannan shi ne matsalar. Yana zaro haƙori ta gefen baki ya soka, ko bakin a rufe yake. Wanda ya riƙe shi ta wuya ma bai tsira ba. Saransa na kawo zafi, kumburi da ruɓewar nama, har yatsa kan tafi.

Idan an yi sara: a cire zobe, kar a ɗaure, kar a tsaga, kar a tsotsa. A hana wurin motsi, a garzaya babban asibitin Dutsin-Ma ko na Kurfi.

Rigakafi: takalmin roba, tocila da dare, kuma a juya taki da shebur maimakon hannu.