Motar da Ta Koyi Miƙewa

Wannan makon mu leƙa Los Angeles ta Amurka. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, samari 'yan asalin Meziko suka shiga rage tsayin motocinsu har cikinsu ya kusa shafar kwalta, wasu ma buhunan yashi suke lodawa a but. A wurinsu wannan ado ne da nuna asali.

A ƙarshen shekarun 1950 jihar Kalifoniya ta haramta motar da jikinta ya sauka ƙasa da gindin rim. A 1959 Ron Aguirre ya sa wa Corvette ɗinsa famfon haidirolik na jirgin sama. Da an hango ɗan sanda, sai a danna maɓalli, mota ta miƙe.

Dabarar tana nan. Yau ana ɗora ɗan kofin iska a saman shokazoba mai sifirin, ya ɗaga motar ta haye tudun rage gudu ba ta karce ba. Dokar kuwa sai a 2024 ta daina aiki.

In za mu rubuta tarihin na'ura, mu fara neman matsin da ya haife ta.